Sati Goma Zuwa Basirka

Gwaram,
17 ga Disamba, 1975.

Zuwa ga matata Barira,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kun sauka Basirka lafiya, ke da Kubra. Yaya gajiyar hanya? Yaya Baba da Inna? Allah ya sa ƙafar Baba ta yi sauƙi. Mu nan lafiya lau. Yayar Kubra tana wurin Iya, ta yi kuka ranar farko, yanzu ta saki jiki.

Na san da fushi kika tafi. Kwana biyu da Sallah na sa ku a mota, ko suyar nama ba ki gama ba, da kika tambayi dalili na ce zan rubuto. To ga shi.

Kin san buhunan takardun nan da kike cewa sun cika miki ɗaki da warin gara. Littattafan rajistar marasa lafiya ne na ɗakunan shan magani na ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, tun daga 1948. Shekara biyu da suka wuce aka ce in ƙone su don za a gyara sito. Na buɗe ɗaya, na ga sunayen yara shafi bayan shafi, gefen kowane an rubuta ƙyanda, sai na kasa ƙyasta ashana.

Na zauna na tsamo ƙyanda ita kaɗai, wata-wata, gari-gari. Barira, cutar nan ba da ka take zuwa ba. Sau takwas ta yi ɓarna a ƙasar nan cikin littattafan, kuma kowane karo sai da yaran da ba su taɓa yi ba suka taru da yawa, domin wanda ya yi ba ya sakewa. Idan ta kwashe nata sai ta lafa, ta jira a haifo wasu. Na bi ungozomai da limaman da ke raɗa suna, na ƙirga haihuwar da aka yi tun ƙyandar 1973. Yaran sun kai. Bana za ta zo, kafin watan Janairu ya raba.

Hanyarta ma ɗaya ce. Tana fara bayyana a Birnin Kudu, 'yan cin kasuwa su ɗauko ta, bayan sati huɗu ko biyar ta shigo Gwaram. Basirka ce ta ƙarshe, sai sati na goma. Sau takwas ba ta saɓa ba. Kubra ba ta yi ba, kuma tun da masu allurar bindiga suka wuce ba mu sake ganin rigakafin ƙyanda a nan ba. Shi ya sa na kai ta inda cutar za ta isa a ƙarshe. Sati goma ya ishe ni in samo allura.

Na rubuta komai a takarda, da zanen yadda cutar ke hawa da sauka. Na nemi allurar yara dubu ɗaya da ɗari takwas. Kada ki gaya wa kowa, kar a ce mijinki yana yi wa gari mugun baki.

Ki gaida Baba da Inna. Ki shafa min kan Kubra.

Mijinki,
Iliyasu Datti.

Birnin Kudu,
12 ga Janairu, 1976.

Zuwa ga Barira,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ke da Kubra da mutanen gida duka. Takardarki ta same ni ta hannun Ɗanbala direba, na gode. Na yi dariya da kika ce Kubra ta koyi kiran akuyar Inna da sunan yayarta.

Ƙyandar ta zo. Ranar biyar ga wata aka kawo yara uku nan Birnin Kudu daga gida ɗaya, yau sun zama goma sha tara. Ban yi kuskuren ko sati ɗaya ba. Na ɗauka hakan zai sa a saurare ni.

Wani babban jami'inmu ya zo rangadi daga Kano, ba zan rubuta sunansa ba. Kwana biyu ina zaune a benci a ƙofar ofishin da ya sauka. Da aka shigar da ni bai ce in zauna ba. Ya juya takarduna, ya tambaye ni a ina na yi karatu. Na ce midil na gama, sai horon malamin asibiti. Ya kalli likitan da ke gefensa, ya ce, "Ashe muna da boka a Gwaram ba mu sani ba." Suka yi dariya. Na ce ranka ya daɗe, ba duba na yi ba, rubutun malaman da suka riga ni ne na haɗa. Ya ce allurar da ake da ita ta birni ce, kuma ba a raba kayan gwamnati a kan cutar da ba ta zo ba. Na ce ta zo, tana bayan ginin nan. Ya ce to in koma bakin aikina kafin a tambaye ni wa ya ba ni izinin barinsa. Amma takardun bai mayar min ba, na ga ya sa su a jaka.

Da na fito na tarar da sababbin motoci huɗu a jere, ko ledar kujerunsu ba a cire ba. Ana ta cewa ƙasa ta yi arzikin mai. Ni dai firjin kananzir na ɗakin shan maganinmu wata bakwai ke nan yana jiran lagwani.

Kin ce matar wani ma'aikacin hanya tana ɗibar ruwa a rijiyar gidan Baba, ɗanta yana tari, idonsa ya yi ja, kuma akwai irinsa a sansanin masu zuba kwalta. Kin ce ko ku dawo. Kada ki dawo. Mura ce ta sanyi. Ƙyanda ko Gwaram ba ta iso ba, balle ku. Kuna da har tsakiyar Maris. Akwai wani abokin karatuna a Kano da ya ce zai gwada samo min kwalba ɗaya ta rigakafin a ƙarshen Fabrairu. Ki kwantar da hankalinki, na san abin da nake faɗa.

A gaida kowa da kowa.

Naki,
Iliyasu.

Gwaram,
15 ga Fabrairu, 1976.

Barira,

Assalamu alaikum. Yaya haƙuri? Yaya Baba da Inna suka ji da jama'a? Allah ya jiƙan Kubra, ya sa mai ceto ce. Iya tana yi miki ta'aziyya, ta so zuwa, jiki ya hana.

Na san kin ga na taho washegarin sadakar uku kamar wanda ake kora. Yara sittin da ɗaya na bari kwance, wasu a baranda, wasu a zauren makarantar allo da Malam Manu ya ba mu aro. Ni kaɗai ne. Wannan dalili ne, amma ba shi kaɗai ba. Na kasa zama inda kike.

Tun da Ɗanbala ya tsaya a ƙofar ɗakin shan magani bai kashe mota ba, na san ba lafiya. Na ari babur, na ɗauki penisilin. Da na ɗaga Kubra na ji yadda ƙirjinta ke shiga ciki, na san cutar ta riga ta sauka a huhu, kwana uku ko huɗu da suka wuce. Na yi mata allurar duk da haka, don kina kallona. Da la'asar ta cika a cinyarki. Ba ki yi ihu ba. Kika ɗago kika ce, "Malam, a lissafinka saura sati nawa?" A zuci na ƙirga. Saura biyar.

Kin gaya min, da hannunki kika rubuta. Yaro yana tari, ido ya yi ja, a bakin rijiyarku. Da wata mata ce ta shigo ɗakin shan magani ta faɗa min haka, kafin ta rufe baki zan ce a buɗe bakin yaron in duba. Shekara goma sha ɗaya ina wannan aikin. Amma ke da kika faɗa sai na duba takarda, takarda ta ce Maris, na ce miki mura ce.

Na je sansanin kafin in taho. Iyalai sun fi arba'in, yawancinsu daga Kano babbar mota ta kawo su yini ɗaya, da 'ya'yansu. Littattafaina na zamanin jaki ne da ƙafa, lokacin da sai cuta ta bi kasuwa-kasuwa, ta kwana a kowane ƙauye. Ba su san kwalta ba. Ni kuwa na san ta, a kanta na sa ku a mota, har na ce wa Ɗanbala tafiyar ta yi sauri yanzu. Ban taɓa tsayawa na ce abin da ya kai ku da sauri zai kai ta ba.

Da kuna nan, da Kubra ta kamu, wannan ban musa ba, don cutar ta shiga unguwarmu. Amma da penisilin yana taku ashirin daga ɗakinki, da ni zan ji tarinta na farko. Yaran unguwarmu bakwai ne suka yi, duk sun tashi.

Ina jin haushin mutumin nan na Kano, har ba na son tuna fuskarsa. Kwalba ɗaya daga cikin abin da ya hana da ta isa. Amma ba shi ya ce miki ki zauna ba.

Ba na neman ki ba ni amsa. Ki ci abinci, Inna ta ce ba kya ci.

Iliyasu.

Gwaram,
28 ga Maris, 1976.

Zuwa ga matata Barira,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kina lafiya, da Baba da Inna. Yaya zafi? Wasiƙa biyu na aiko ban ji daga gare ki ba, ban kuwa ga laifinki ba. Yayar Kubra tana tambayarki kullum. Na gaya mata gaskiya game da ƙanwarta, ta ce to yaushe za ta dawo.

Cutar ta lafa. Babu sauran wanda za ta kama, shi ya sa.

Ranar Talata allura ta iso. Ta yara ɗari huɗu, cikin kwali, ƙanƙarar ta narke tun a hanya, kwalaben har sun yi ɗumi. Irin wannan ruwa ne kawai. Aka ce in tara yara a yi musu don za a ɗauki hoto. Na ce ba zan soki ɗan kowa da abin da na san ya mutu ba, in sa uwarsa ta tafi tana ganin ya tsira. Aka sa wani ya yi.

Jami'in nan da kansa ya zo. Wannan karon ya miƙo min hannu, har ya sa aka kawo min kujera. Ya fito da wani rahoto da aka buga da keken rubutu, mai bango shuɗi. Zanena ne a ciki, hawa da saukar shekara ashirin da bakwai, har da inda na yi kuskuren rubuta 1961 na gyara. Sunansa ne a bango. Nawa babu ko a ƙasa. Ya ce an yaba a Kano ƙwarai.

A takardar da na ba shi na ce idan ba a yi rigakafi ba za mu rasa yara kusan ɗari da hamsin a ƙasar Gwaram. Ya tambaye ni nawa aka rasa. Na ce ɗari da arba'in da uku ne suka zo kunnena. Ya bugi tebur, ya ce, "Bakwai kawai ka kuskure! Malam, kai ba na ƙauye ba ne." Fuskarsa cike da murna. Na ce ranka ya daɗe, ɗaya daga ciki tawa ce. Ya ce Allah ya jiƙanta, ya juya shafi.

Yana so a mai da ni Kano in riƙa yi masa ƙididdiga, da ƙarin girma da gidan gwamnati. Na ce zan yi shawara. A raina na ƙi tun bai gama magana ba. Daga baya na tuna a Kano allurar take, kuma wanda ke zaune kusa da firjin ba a ce masa boka. Har yau ban san abin da zan yi ba.

Barira, jiya Inna ta aiko Ɗanbala ya gaya min abin da ba ki gaya min ba, cewa kina da ciki wata huɗu. Zan faɗa miki abin da ya faru da ni, ko da zai ƙara miki tsanata. Kafin in ce alhamdu lillahi, kaina ya riga ya ƙirga. Haihuwa a Agusta, cutar ta dawo farkon 1979, abin da za ki haifa yana da shekara biyu da 'yan watanni, daidai Kubra. Na tsaya a gaban Ɗanbala yana jiran in ba shi tukuici, ni kuwa ina lissafi. Na kasa hana kaina, kuma ina jin ba zan ƙara iyawa ba.

Saboda haka ba zan sake ce miki ga inda za ki zauna ba. Ko Gwaram, ko Kano, ko ki ƙara kwana biyu a gaban Inna, abin da kika ce shi za a yi, kuma amsar da zan ba mutumin nan tana bakinki.

Zan zo ranar Laraba da hantsi, tare da yarinyar, don ta daɗe ba ta ga uwarta ba. Idan ba kya son ganina, ki gaya wa Inna. Zan miƙa ta daga zaure, in gaida Baba, in juya.

Allah ya raba lafiya.

Mijinki,
Iliyasu Datti.