Sun hana Rabi komawa Dakar

Gidan Rumji, daren Talata, damina ta uku da samun 'yanci

Shekara guda ta rage wa ɗiyata Rabi ta karɓi lisans, wato digirinta na tarihi, a Dakar, sai hukuma ta ce ta tsaya ta koyar a lakol, makarantar boko ta Gangara. Na je buro, ofishin ilimi, wurin shugabansa Isufu, wanda ni na koya masa riƙon alli.

"Madam, malaman lakol ƙasa ke so. Tarihi ba ya cika rumbu."

"Kai wane rumbu kujerarka ta cika?"

Ya yi dariya, ya sa hannu a takardar tura ta Gangara.

Irin maganar Isufu wani Bature ya gaya mini ina budurwa, da na nemi ƙarin karatu, sai dai shi bai kira ni Madam ba. Rabi na ɗaki tana jera littattafanta a akwati, tana barbaɗa toka saboda gara. Ta san za su daɗe a ciki.