Kankanar Sallau

Yaya Saude,

Bayan gaisuwa, ya ƙafar Inna? Ya 'yan ajin da na bar miki?

Na san kankana ta nuna a Bunkure. Kada ki bar wasanmu: a rubuta kalma a ɓawo, wanda ya karanta ya sha.

Ina nan lafiya a ƙasar Sin, sai dai rubutunsu kamar sawun kaza a taɓo. Jiya a gidan abinci na nuna wani layi a takardar jerin abincin da yatsa, aka dire mini kwaɗi. Da ruwan shayi na kwana. Kada Inna ta ji.

Sallau ɗin nan na ajin, da bai taɓa cin wasan ba, don Allah ki yanka masa babba ko bai karanta ba. Yunwa ba ta koyar da karatu, na gwada.

Ƙanwarki,
Fa'iza