Kujerun Maɗaci Shida

Ƙofar Marusa, Katsina
12 ga Yuni, 1999

Zuwa ga aminina Malam Dabo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Hajiya Rabi da yara. Yaya ƙafar taka, da sauƙi? Mai ɗakina Hajo tana gaida ku.

Ka tuna Malam Tom, Ba'amurken da ya koya mana aikin kafinta muna samari? Ka tuna kujerun garinsu, waɗanda ake haɗawa ba ƙusa ba fenti, katako ya shige cikin katako ya riƙe? Shekara talatin ina buga benci da ƙyaure, ba wanda ya taɓa neman irinsu.

To, da soja suka koma bariki, Alhaji Yari da ya ci zaɓe ya soma gina sabon gida. Ya aiko yana son kujeru shida irin na Amurka. Dabo, ranar ko tuwo ban iya ci ba don murna. Na samo busasshen maɗaci daga Batagarawa. Sai dai idona na dama ya yi yana, hannuna kuma ya soma rawa. Ka sa ni a addu'a.

Naka,
Sammani

20 ga Oktoba, 1999

Aminina Dabo,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kowa lafiya. Allah ya ƙara wa ƙafarka sauƙi.

Na gama kujerun, wata biyu cur. Da na kai, Alhaji ya zagaya su, ya yi dariya. Wai shi irin na talabijin yake nufi, masu soso da ruwan zinariya, waɗannan kuwa na 'yan makaranta ne. Bai hana ni haƙƙina ba. Ya sa an jera su a ƙofar gida don masu gadi da 'yan jiran sadaka.

Shekaranjiya na bi ta wurin. Ruwa da rana sun cinye su. Ɗaya ta tsage, wani ya danna mata ƙusa mai inci huɗu. Na tsaya, na shafa wurin, mai gadi ya ce in matsa.

Idon hagu ma ya bi sahu. 'Ya'yana sun zaɓi kabu-kabu, ba wanda ya tsaya ya koya. Na ɗaure zarto da sauran kayan aikina, Babaji direba zai kawo maka. In ka san mai so, ka ba shi. In babu, ka miƙa wa masu sayen tsohon ƙarfe.

Hajo ce ke rubuta wannan, ni na daina ganin layi.

Ka huta lafiya.
Amininka,
Sammani