Tsayuwa A Bayan Sahu

Zuwa ga aminina Alhaji Tanimu, wanda nake kira Liman,

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa, kamar yadda aka koya mana buɗe wasiƙa tun muna firamare. Bisa al'ada sai in ce ina fatan kana lafiya, amma inda kake yanzu an wuce wannan tambayar. Fatana dai kana cikin rahama. Ni ne Ishaya, wanda ka laƙaba wa Fasto, alhali ka san rabona da coci tun rasuwar matata Saratu. 'Yata Rahila ce za ta buga wannan a waya ta sa inda jama'a za su gani. Na yarda, domin an yi magana a kaina a ƙetaren kogi, gara masu maganar su karanta.

Ban zo jana'izarka ba, Liman. Ba zan yi ta kewaye-kewaye ba.

Ka tuna ranar da muka binne Saratu. Ka shigo coci ka zauna a bencin ƙarshe, rawaninka fari fat, mata suna ta waiwayenka. Ka bi mu har ƙauye a bayan mota mai ƙura. Da muka dawo Nasarawa ka ce mini, "Fasto, ranar tawa na san ba za ka yi mini salla ba. Amma ka tsaya a bayan sahu da wannan dogon wuyan naka, kowa ya ga ka zo." Na ce maka ai ni zan riga ka, don Allah ba ya gaggawar ɗaukar masu surutu. Muka yi dariya. Amma alkawari ne, kuma mu biyun mun san haka.

Da safe ɗanka Musbahu ya kira ni. Ya ce, "Baba Ishaya, Alhaji ya cika. Za a yi jana'iza bayan azahar." Ku ba kwa jira, na sani. Na yi wanka, na sa farin kaftanin da ka ɗinka mini da wata Salla, na zauna a bakin gado zan sa takalmi. Na sunkuya, sai ɗakin ya juya. Zuciyata ta shiga bugawa kamar injin da bel ɗinsa ya kwance. Na ce bari in huta kaɗan. Na sa ƙafa ɗaya a takalmi. Ina nan zaune da takalmi ɗaya na ji kiran azahar daga masallacin bakin titi, ina nan har na ji na la'asar. Tsakanina da kai gada ɗaya ce kawai, na kasa kai kaina ko bakin ƙofa.

Musbahu ya yi ta kira daga baya, ban ɗauka ba. Me zan ce masa? In ce na gaji? Wane irin mutum ne ke gaya wa maraya ya gaji?

Gajiyar ba a ranar ta fara ba. Ta daɗe tana shigowa a hankali, ban ma san lokacin da ta zama mai gidan ba. Da farko hawan ɗan tudun da ke bayan layinmu ne ya fara sa ni haki. Daga nan bokitin wanka ya yi mini nauyi. In na ɗauki jarida, kafin in kai ƙarshen sakin layi na manta farkonsa, ni da nake gyara wa Turawa rahoto a masaƙa. Barci ba ya rage ta. In tashi da safe kamar wanda ya kwana yana dakon siminti. Hannuwana kullum da sanyi, ko a tsakiyar zafin bazara.

Akwai kuma wani abin kunya da ban taɓa gaya maka ba. Ƙanƙara nake ci. Maƙwabciyata Maman Chinedu tana sayar da ita, ni kuma in saya in zauna ina gurgura kamar akuya ta samu masara. Takan ce, "Baba, haƙoran nan da suka rage maka, ka tausaya musu mana." In yi mata tsaki.

Ga abin da ya fi damuna, kuma kai kaɗai za ka gane. Ni ban ɗauka ciwo ba ne. Na ɗauka ni ne. Tun da aka rufe masaƙa a Kakuri aka sallame mu da alkawuran baki, tun da na ga 'yan gwangwan suna yanka injinan da muka yi rabin rayuwarmu a kansu suna lodawa a tirela, na ce ƙasar nan ta ishe ni. Aka yi rikicin da ya sa ka kwashe iyalinka ka koma Tudun Wada, kogi ya zama katanga, na ƙara cewa ta ishe ni. Saratu ta tafi, na rufe ƙofa. To da gajiya ta zo, sai na yi mata maraba. Na ce wannan ita ce gajiyar mai ilimi da ya ga ƙarshen komai. Har wani alfahari nake da ita, Allah ya yafe mini.

Shi ya sa ranar nan, ina zaune da takalmi ɗaya, abin da ya faɗo mini shi ne zuciyata ce ta mutu. Na ce ɗacin ran da nake ta kiwo ya cinye komai, har kai. Na yarda cewa ban zo ba ne don ban damu ba. Na kwana da wannan tunanin makonni, kuma ban taɓa ɗaukar kaya mai nauyinsa ba.

Labari ya dawo mini ta bakin wani direban bas da muka yi aiki tare da ubansa. Wai ana cewa Fasto ma ya zama irin sauran, ya ƙi ƙetare gada saboda gawar Musulmi. Ban musa ba. Ba ni da ƙarfin musu, kuma ban tabbata ƙarya suke yi ba.

Rahila ce ta zo daga Kamazou wata Asabar ta same ni a tsugune a bakin famfo, na kasa miƙewa. Ka san bakinta, na uwarta ne. Ta ce, "Baba, in kana son mutuwa ka mutu a asibiti, a rubuta mana dalili." Ta tare Keke mai ƙafa uku, ita da mai Keken suka ɗaga ni kamar buhun gero.

Likitar yarinya ce, ba ta kai Rahila ba. Ta ja fatar idona ƙasa ta leƙa, ta buɗe tafin hannuna ta ajiye kusa da nata. Liman, a nan na ji kunya ta gaske. Ni ne fa shugaban sashen rini. Ni aka tura Ingila na koyo launi. Jan atamfa in ya kauce da ƙwayar zarra, daga bakin ƙofa nake ganewa in sa a mayar da bandir ɗin. Ga hannuna kusa da nata fari fat, kamar zanen da ya sha wanki ya sha rana, kuma kullum da shi nake wanke fuska ban gani ba.

Aka ɗebi jini aka gwada. Ta ce ƙarancin jini ne, irin wanda rashin sinadarin ƙarfe ke kawowa, kuma ya yi ƙasa sosai. Ta ce namiji mai shekaruna ba ya rasa jini haka kawai, akwai inda yake zuba. Suka zura mini wata siririyar roba mai kyamara ta maƙogwaro, suka ga gyambo a ciki. Ƙwayoyin ciwon gwiwa ne, waɗanda nake saya a kemis ina haɗiya da safe kafin in ci komai. Shekara da shekaru suna ƙwaƙular cikina, jini yana ɗiga kaɗan-kaɗan. Abincina kuwa tun bayan Saratu ka san shi, burodi da baƙin shayi, safe da yamma. Ta ce shayin ma yana hana jiki ɗaukar ɗan abin da ya samu. Na tambaye ta ƙanƙarar fa? Ta ce ita ma cikin alamomin ciwon take.

Da aka ba ni maganin na karanta sunansa a jikin kwali, sai na yi dariya, ta farko tun rasuwarka. Ka tuna koren gishirin nan da ke zuwa mana a buhu, wanda muke zubawa a tukunyar rini don launi ya kama ya yi duhu? Wanda ya ɓata maka sabon wando ka yi mako kana zagina? Shi ne, Liman. Shi ɗin dai, an tace shi an matse shi cikin 'yar ƙwaya. Na zuba shi da shebur a kan yadin mutane, ashe wata rana ni za a rina.

Kada ka ɗauka na sha na miƙe. Maganin ba shi da daɗin zama a ciki. Ya sa ni tashin zuciya, bayan gida ya yi tauri ya yi baƙi, har na tsorata, likita ta ce haka yake yi. Aka raba ni da ƙwayar gwiwa, gwiwar ta rama a kaina. Aka ce kada in haɗa maganin da shayi, sai dai lemo. Rahila ta shiga aiko mini da hanta da wake da miyar zogale, tana kira tana tambaya ko na cinye, kamar ɗan yaye. Makonnin farko ban ga wani canji ba, na ce ga shi nan, wani alkawarin ne irin na ƙasar nan.

Sai wata safiya na lura na wuce firjin Maman Chinedu ban ko waiwaya ba. Bayan nan na karanta shafin jarida guda har ƙarshe, na ji haushin abin da aka rubuta, haushi mai kyau, irin na da. Wata rana kuma na tsinci kaina a saman tudun bayan layi ban tsaya a hanya ba. Na je na gaya wa likita na warke. Ta ce ban warke ba, rumbun ne ya fara samun tsaba, sai na ci gaba da sha wasu watanni kafin ya cika. Ina sha har yau.

Ban zama sabon mutum ba. Masaƙa tana nan a rufe, ciyawa ta fito ta tagoginta. Kogin bai matsa ba. Har yanzu ina ganin an cuce mu, kuma babu ƙwayar da za ta canza wannan. Abin da maganin ya yi shi ne ya raba mini abu biyu da na cakuɗa. Ɗacin rai nawa ne, na yarda. Amma ba shi ya zaunar da ni a bakin gado ba. Ranar da na gane haka na yi kukanka, kukan da ya kamata in yi tun ranar farko. Ashe kuka ma sai da jini.

Jiya na ƙetare gadar. Na sa kaftanin nan, na sa takalmi duka biyu.

Matarka Hajiya Ladi ta kusa fita takaba. Musbahu ne ya yi mini iso, ya gaishe ni a tsaye, gaisuwar da ba ta wuce leɓe ba. Ban ga laifinsa ba. Na fara bayani, Hajiya ta katse ni. Ta ce, "Tun bikin sunan jikanmu na ce wa Alhaji, Fasto ya yi fari, a kai shi asibiti. Ya ce mini ƙyale shi, baƙin rai ne, haka yake tun yana saurayi." To ka ji, Liman. Kai ma ka kuskure. Mu biyu muka taru muka yi wa jinina ƙazafi.

Ta sa aka kawo mini shayi irin naka, mai kauri, na ce an hana ni sai anjima. Ta ce, "Yau ga abin da Alhaji bai gani ba, Fasto yana bin doka."

Na roƙi Musbahu ya kai ni inda kake. Ya so ya matsa da mota har kusa, na ce a'a, a bakin ƙofar maƙabarta zan sauka. Tafiya ce mai ɗan nisa a cikin rana, ƙasa tana zamewa, gwiwata tana ƙara. Ya nuna mini wani tudu cikin tuddai masu yawa, babu suna, babu alama sai fasasshen tulu. Ya ɗaga hannu yana addu'a. Ni kuma na ja da baya, na auna da ido inda sahu zai ƙare da a ce mutane suna nan, na tsaya a bayan wurin.

Sallar gawa a tsaye ake yin ta, kai ka gaya mini, babu ruku'u babu sujada. Na tsaya gwargwadon yadda na ga kuna daɗewa, na ƙara kaɗan saboda lattin da na yi. Ƙasa ba ta juya ba. Da Musbahu ya shafa addu'a ya waiwayo ya gan ni a can baya ni kaɗai, ya daɗe yana kallona. Ban san ko ka taɓa ba shi labarin ba. Ya dai zo ya kama gwiwar hannuna, ya ce, "Baba, mu je, rana ta yi." Wannan karon Baban ya fito daga ciki.

Na gaji yau, amma gajiyar wanda ya je wani wuri ya dawo ce. Na manta akwai irinta.

Allah ya jiƙanka, Tanimu. Ya yalwata maka makwanci, ya sanyaya shi, ya yafe maka kurakuranka har da na wandon nan da ka ɗora mini. Ya riƙa wa Hajiya da yara. Ni kuma ya ba ni abin da ya rage na kwanaki a tsaye, ba a bakin gado ba. Amin.

Na zo a makare, amma na tsaya.

Naka har kullum,
Ishaya, Faston da ba shi da coci,
Nasarawa, Kaduna.