Karatun Yaran Tungar Jaji

Lahadi, 5 ga Muharram, 1291

Na yanke shawara. Dawar da na gada a wajen maigida, Allah ya jiƙan sa, ba za ta tsaya a rumbu ƙwari su ci ba. Bayan Tabanni, can cikin daji, akwai tungar da yaranta ba su taɓa riƙe allo ba. Jaji, dattijon da ke kawo mana man shanu, shi ya faɗa mini, kansa a sunkuye. Zan ɗauki nauyin malami. Ƙanena Nababa ya ce daji zai cinye dawar a banza. Ya faɗi nasa.

Alhamis, 14 ga Safar

Malam Salmanu ya tafi yau da jakuna, alluna da ƙaron haɗa tawada. Saurayi ne, amma karatunsa da kyau. Ni na zaɓe shi, kuma ban cika kuskuren mutum ba.

Litinin, 8 ga Rabi'us Sani

Jaji ya zo. Wai har yaran manoma masu jin Gwari kaɗai sun fara zaman karatu. Na sa an kira Nababa ya ji da kunnensa.

Talata, 20 ga Jumada Sani

Salmanu ya dawo ba sallama. Giwaye sun bi ta gonakin tungar, sun tattake gero ana gab da yanka. Ya ce mutane na shirin watsewa, shi kuma ba zai zauna ya ci tuwo yara na kallon bakinsa ba. Ban yi masa faɗa ba. Na so in yi.

Asabar, 24 ga Jumada Sani

Gobe zan bi Jaji da sauran dawar. Nababa ya tare ni a zaure: "Yaya, da damina? Da wannan gwiwar taki?" Na ce zan kai in dawo, ba zama zan yi ba.

Litinin, 4 ga Rajab

Hanya ta ba ni kashi. A rafin ƙarshe sai da aka ɗauke ni a kafaɗa kamar damin kara. Kada Nababa ya ji wannan.

An raba dawa gida gida. Wasu sun riga sun tashi, yawanci sun fasa. Na tarar da alluna jingine a rumfa, ruwa ya wanke su. Wata jikar Jaji, Kadijatu, ta ɗauko nata ta miƙo mini ba ko gaisuwa, ta ce, "Inna, a nan Malam ya tsaya." Babu komai a jikin allon, amma yatsanta na kan wurin. Rabona da rubuta wa yaro allo tun a gidan mahaifina. Na sa aka kawo tawada. Na yau kaɗai.

Laraba, 20 ga Rajab

Sai yaran sun dawo daga kiwo da gona muke zama. Hausar wasu ba ta kai ta kawo ba, Kadijatu ke juya musu da Fulatanci, wata uwa kuma da Gwari. Suna dariyar yadda nake kiran sunayensu. Sauro a nan ba ya jin hayaƙi. Na aika wa Nababa ya nemo malami da gaggawa.

Juma'a, 29 ga Rajab

Kadijatu ta kai Izaja'a. Na san za ta kai.

Alhamis, 12 ga Sha'aban

Saƙon Nababa: ya sami malami, dattijo, mai haƙuri, a shirye yake. In haɗa kayana.

Na ce a gaya masa rafi bai janye ba, kada a wahalar da dattijo. Ya bari sai bayan azumi. Ko bayan kaka, a ga abin da maiwa ta yi tukuna. Ba wani abu ba ne, ƙananan ne ba su gama babbaƙu ba, kuma sabon hannu zai rikita su.

Na ce kuma a aiko mini da gishiri, da mazarina, da tukunyar nan tawa babba.