Shinkafar Kaka Hajo

Daren Laraba, Bagudo

Har yanzu raina a ɓace yake. Wata huɗu ina tantance ƙwayoyin halittar shinkafar Lolo a kwamfuta, ina neman abin da ke hana ta mutuwa cikin ambaliya. Yau na ƙetara Benin wurin Hajo, ƙanwar kakata, ta ƙulla min tsohon irinta don in kwatanta. A iyaka wani jami'i ya ƙwace.

"Shinkafar waje ce," in ji shi.

Na ce, "Yallaɓai, daga Lolo ta tafi da irin nan shekarar 'yancin kai, da aka kai ta ɗakin miji."

Ko kallona bai yi ba. Shi ke nan irin da ya rage mata, kuma na yi alkawarin mayar da rabi kafin shuka. Da wane baki zan gaya mata?