Zanen Sidi Amud

Sao Paulo, Maris 1928

Ƙanena Wasfi,

Gaisuwa da fatan kana lafiya. Zanen da ka aiko ya iso, na buɗe na rufe. Gidanmu na ce ka zana mini, ka aiko mini da kango. Na san Faransawa sun yi wa unguwarmu ta Sidi Amud ruwan bama-bamai, ba sai ka nuna mini ba. Gidan nake so a tsaye, yarana su ga inda aka haifi uwarsu.

Maigidana Abu Rafik ya ce ka taho, akwai aiki a maɗaba'ar abokinsa. Wa ya rage maka a Dimashƙa tun rasuwar Umma?

Yayarka,
Nadima

Dimashƙa, Mayu 1928

Yaya Nadima,

Ina gaishe ki, ina gaida maigida da yara. Na gwada. Na zauna da farantin tagulla da allurar da nake zane da ita a kansa, na kasa tuna yadda tagogin sama suke. Abin da idona bai gani ba, hannuna ba ya yarda ya zana.

Kullum ina Sidi Amud. Maƙwabta sun watse, sai tsohon nan Abu Subhi mai gasa ƙwaruru, shi ma bai gane ni ba. Jiya ya ce, "Malam, kai ma cikin masu awon titi kake?" Za a share wurin a shimfiɗa sabuwar hanya. Ina bin lungunan da suka rage ɗaya bayan ɗaya, ina zana su kafin a rushe.

Ƙanenki,
Wasfi

Sao Paulo, Agusta 1928

Wasfi,

Muna lafiya. Bango ba ya yi wa mutum sannu idan ya kwanta ciwo. Ga tikitin jirgin ruwa daga Beirut. Na gyara maka ɗaki, Rafik har ya koyi faɗin "kawu". Kada ka ba ni kunya.

Nadima

Dimashƙa, Oktoba 1928

Yaya,

Allah ya saka da alheri. Na je Beirut, har an ɗora akwatina. A bakin gadar jirgi wani ɗan garinmu ya ce mini an fara rushe layin marina. Ban zana shi ba tukuna. Na tsaya, jirgi ya tafi.

Akwatin zai iso miki, farantan duk suna ciki. Ki riƙa shafa musu mai, tagulla ba ta son iskar teku.

Ki ba Rafik ɗakin.

Wasfi